Ranar da Injiniya Ƙasimu Ya Yi wa Databes Ƙaura

Wai don Allah akwai wanda ya zauna a Gyaɗi-Gyaɗi shekarun nan da soja suka koma bariki, ya ce bai san Injiniya Ƙasimu ba? To in ba ka san shi ba, gyara zama. Shi dai daga sakandare bai ƙara gaba ba. Wani shagon buga takardu ne a Titin Gidan Zu ya taɓa ɗaukarsa goge ƙura, ba a daɗe ba suka sallame shi saboda ya ɗura wa firinta man keken ɗinki, wai ya ji tana ƙara. Shi ke nan fa. Mutumin naku ya fito da sukudireba a aljihun gaba, ya rataya wani mataccen fulofi, irin ɗan faifan kwamfutar nan, a wuya da igiyar takalmi, ya ce daga yau Injiniya za a riƙa ce masa. Aka ce to. Ai kiran suna ba ya cin komai.

Can Tarauni kuma akwai Sista Huraira, tsohuwar nas, wadda da ta ajiye aiki a asibitin koyarwa ta buɗe ɗan ɗakin awon ciki a lungunsu. Kansilan mazaɓa, Honarabul Audu, ya ba ta kyautar kwamfuta, wai romon dimokuraɗiyya. Wani ɗalibi ya ɗora mata databes a kai, wato rumbun zuba bayanai, 'yar ƙanwarta Mufida ta zauna ta shigar da katin kowace mace: suna, rukunin jini, mai hawan jini, wadda aka taɓa yi wa aiki a haihuwa, har rigakafin 'ya'yansu. Katunan takardar kuma damina ta shiga sito ta mai da su kunu. Ka ga ke nan duk abin da Sista ta tara a kan matan nan shekara da shekaru, a cikin akwatin nan kaɗai yake.

Ƙasimu babu wanda ya kira shi, shi ya naɗa kansa mai duba kwamfutar. Kullum da la'asar in an tashi daga awo sai ya zo wai zai yi mata sabis. Sabis ɗin kuwa shi ne ɗura mata waƙoƙin Indiya da karta da hotunansa na studiyo, ya ɓoye su a wani lungu da ya sa wa suna Kar A Taɓa Injin Ne.

Ranar wata Talata Mufida ta ɗago kai.

"Anti, ta ƙi karɓar sabon suna fa. Wai wuri ya cika."

"Wane irin wuri? Ba ga tebur nan fili fetal ba?"

"A cikinta, Anti."

Hankalin Sista ya tashi, don ranar Asabar Honarabul zai kawo manyan baƙi su ga yadda kyautarsa take aiki. Kuma an daɗe ana raɗe-raɗin zai naɗa wanda zai kula da duk kwamfutocin mazaɓa. Wannan kujerar kuwa Ƙasimu har ya zaɓi yadin da zai ɗinka ranar rantsuwa.

Ya zo, ya duƙa, ya kara kunne a jikin akwatin kamar mai sauraron bugun zuciyar jariri. Ya san sarai waƙoƙinsa ne suka cinye wurin. Amma a goge? Waƙoƙin da ya sha rana ya tara? Haba.

"Sista," ya ce, yana girgiza kai, "databes ɗinki ta yi ƙiba."

"Ƙiba kuma?"

"Sosai. Ɗakinta ya yi mata kaɗan. Sai an yi mata ƙaura zuwa babban faifai. Wannan aikin mu uku ne muka iya shi a Kano, kuma biyun sun tafi Legas."

"To a ina za a samu babban faifan?"

"Wannan ki bar wa Injiniya. Akwai wanda abokina ya aiko min daga Dubai."

Dubai ɗin, in gaya maka, Unguwa Uku ce. Can ne shagon Ɗanladi mai ɗaukar bidiyon biki, wanda suka yi firamare tare. Yana da wani ƙaton faifan ajiya da yake juye bidiyo a kai in zai tace. Ƙasimu ya same shi yana cin gurasa.

"Mutumina, aron faifan nan za ka ba ni, in ɗan kwafi wasu finafinai."

"Injiniya, ina da biki ran Juma'a da yamma. Ba ni da wani sai shi."

"Haba! Juma'a ai nisa ce. Jibi-jibin nan za ka gan shi."

"Rediyona ma jibi ka ce."

"Rediyo ai tana gyara."

"Lafiyarta ƙalau ka karɓa."

"To ai shi ya sa gyaran ya yi wuya."

Ɗanladi dai ya miƙa masa, don ba a hana abokin firamare aro a gaban mutane. Lissafin Ƙasimu kuwa mai sauƙi ne. A unguwar nan wa ya taɓa mai da kayan aro ranar da ya faɗa? Ka ari tsani na kwana biyu, sai mai shi ya aurar da 'ya kafin ya gani. Zai ja Ɗanladi da gobe-jibi har Asabar ta wuce, Honarabul ya naɗa shi, ya sayo sabon faifai da kuɗin ofis, a sake wa databes ƙaura. Tsaf.

Laraba da safe ya iso da faifan naɗe cikin ɗankwalin babarsa. Bai yarda a yi aikin a ɗaki ba, ya ce haske bai isa ba, aka fito da tebur tsakar gida daidai inda mata masu ciki suke jere a benci. Me zai sa mutum ya yi gwaninta babu 'yan kallo?

Ya kwance murfin akwatin, ya hura, ƙura ta turnuƙe shi, ya yi atishawa har hularsa ta faɗi. Ya jona faifan Ɗanladi kusa da tsohon faifan da ke ciki, ya danna. Kwamfuta ta yi tsit, sannan ta fara ƙiii, ƙiii.

"Sista, naƙuda take yi?" in ji wata mai tsohon ciki, Basira, wadda bakinta ba ya shiru.

"Gaisawa suke," in ji Ƙasimu. "Faifai biyu in suka haɗu sai sun gaisa."

Can ya tuna ya taɓa gani a Titin Gidan Zu: in za a haɗa faifai biyu sai an matsar da wata 'yar baƙar roba kamar ƙwayar wake a bayan ɗayan, a nuna wa injin wane ne babba, wane ne ƙarami. Jampa suke ce mata. Ya sa farce ya zaro ta, ya ɗaga sama don kowa ya gani.

"Kun ga wannan? Da ita ake mulkin kwamfuta. Wanda bai..."

Sai ta suɓuce. Ta yi tsalle a siminti, ta gangara, kazar Inna Delu ta maƙwabta, wadda kullum take shigowa kiwo ta ƙarƙashin ƙyaure, ta yi caraf ta haɗiye.

Benci ya ɗauki shewa. Ƙasimu ya bi kaza, kaza ta bi ƙarƙashin benci, mata suka ɗage ƙafafu suna salati. Ya kama ta a bakin rariya, ya juya ta ƙasa yana jijjigawa kamar asusu. Sai ga Inna Delu da muciya a hannu.

"Kai ɗan nan! Me ta yi maka?"

"Inna, kayan gwamnati ta haɗiye."

"To gwamnatin ta jira ta yi kashi. Sauke min kaza!"

"Inna, in aka yanka..."

"A yanka wa? Wallahi ka taɓa wuyanta sai na yi maka sabis da muciyar nan."

Ya sauke. Kaza ta karkaɗe jiki ta fice abinta da mulkin kwamfuta a ciki. Ƙasimu ya gyara hula, ya ce da ma tsohuwa ce, ya yi niyyar canza ta. Ya lalubo wata jampar a bayan abin sa sidi ya cire, ya liƙa. Kwamfuta ta tashi da faifai biyu. Abin sa sidin kuma ya mutu murus.

"To yanzu da me za mu kwafa a sidi mu ajiye?" in ji Sista. "Ɗalibin nan ya ce kar a taɓa komai sai an ajiye kwafi."

"Sista, ɗalibi fa kika ce. Kwafi aikin matsorata ne. Kin taɓa ganin wanda ya tashi daga gida ya bar rabin kayansa a tsohon? Cirewa za mu yi ɗungurungum, mu sauke a sabo."

"Ni dai matan nan..."

"Ki sa ido ki sha kallo."

Ya zaɓi fayilolin, ya danna cirewa, ya danna saukewa. Kwamfuta ta ƙi, ta rubuto wani dogon Turanci.

"Me ta ce?" in ji Basira.

"Godiya take."

Mufida ta leƙo. "Wai databes ɗin a buɗe take, sai an rufe."

"Abin da nake shirin faɗa ke nan. Ke kin cika gaggawa."

Aka rufe, ya sake. 'Yan takardu suka fara tashi a fuskar kwamfutar daga wannan jaka zuwa waccan, ya ja baya ya harɗe hannu yana yi wa mata bayani wai kowace takarda mace ɗaya ce, waccan mai kaurin da ta wuce ma Basira ce. Ana tsakiyar haka aka ɗauke wuta.

Ɗif.

Gumi ya karyo masa har cikin kunne. Ya ruga shagon aski ya aro janareto, mai askin ya biyo shi da wani mutum da aka aske wa rabin kai, wai sai dai a ƙarasa askin a nan. Haka aka yi. Ana aski a zaure, hayaƙi yana cika tsakar gida, mata suna tari suna tsine wa dimokuraɗiyya. Allah ya rufa asiri fayilolin ba su lalace ba, ya sake turawa suka sauka. Aka buɗe databes, ta ce ba ta ga kayanta ba. Ai ba a gaya mata an tashi ba, tana can tana lalube a tsohon ɗaki.

Daga nan fa babu abin da Ƙasimu bai danna ba. Ya danna na sama, ya danna na ƙasa, ya mai da rubutun kwamfutar ƙato, ya juya agogonta ya koma zamanin Turawa. Wajen la'asar, cikin dannar-tsiya, wani ɗan akwati ya buɗe a fuskar kwamfutar yana tambayar ina kayan suke, ya nuna masa sabon faifai. Sai ga sunaye sun zubo reras.

Kai! Zo ka ga tafiya. Ƙasimu ya zagaya tebur, ya ɗaga fulofin wuyansa ya sumbata.

"Sista, kira duk sunan da kika ga dama."

"Basira Mukhtar."

Ya danna, ga ta nan, har da jininta da awonta na watan jiya. Sista ta sauke ajiyar zuciya, ta ce Allah ya yi albarka, ta sa aka kawo masa lemo mai sanyi. Da kowa ya watse, mutumin naku ya dubi tsohon faifai ya ga fili ya samu. Fili kuwa ba a barinsa haka. Washegari ya yini yana ɗura sababbin waƙoƙi har sai da ya cika shi taf, daidai gurbin da databes ta tashi.

Juma'a ta zo, Ɗanladi ya fara nema. Ya je gidansu, Ƙasimu ya sa babarsa ta ce ya tafi Wudil. Ya je majalisarsu, aka ce yanzun nan ya bi ta lungu. A masallacin Juma'a suka hangi juna, Ɗanladi a sahun gaba, Ƙasimu a baya. Liman na sallamewa, Ɗanladi ya waiga, babu kowa sai takalmi ƙafa ɗaya. Ƙasimu ya wuce Ƙauyen Alu gidan gwaggonsa, ya kwanta a tabarma yana dariya shi kaɗai. Saura kwana ɗaya. Ɗanladi zai yi fushi, ya yi zagi, ya haƙura, kamar kowa.

Abin da bai lissafa ba shi ne mai aski yana da baki. Shi ya gaya wa Ɗanladi inda faifansa yake. Ɗanladi ya yi sallama a ɗakin awo, Mufida ta tafi gida, Sista ce kaɗai tana jera kujerun gobe.

"Sista, faifaina na zo karɓa. Yana cikin kwamfutarki."

"Naka? Ba na Dubai ba ne?"

"Dubai? Sista, a Unguwa Uku na miƙa masa, ina cin gurasa. Ya ce finafinai zai kwafa. Ga amarya can ana jira na."

Sista Huraira mace ce da ko cokalin maƙwabta ba ya kwana a gidanta. Kunya ta rufe ta, kayan mutane a ɗakinta ba ta sani ba.

"Ɗauki abinka, ɗana, ka yi haƙuri. Amma ba zai taɓa min aiki ba ko?"

"Ina! Nawa kawai zan zare. Naku yana nan yadda yake."

Shi da gaskiyarsa, finafinai ya sani. Ita ma da gaskiyarta, Turancin Ƙasimu ya hana ta gane ina ainihin kayan suka koma. Ya zare, ya ɗaure murfi, ya tafi. Kuma Ɗanladi yana da al'ada, kafin ya juye sabon biki sai ya wanke faifai tas, ko ɗigo ba ya bari.

Asabar da hantsi an kafa rumfa a ƙofar ɗakin awo, an jera kujerun roba, an ɗora kwamfuta a tebur an lulluɓe ta da leshi kamar amarya. An jona ta da lasifika, don Ƙasimu tun farko ya ce in ta tashi dole a ji kiɗan tashinta har bakin titi. Matan awo sun cika gefe ɗaya, dattawan lungu gefe ɗaya, Inna Delu a gaba. Ƙasimu ya ɓullo ta bayan layi a makare, cikin kwat ɗin aro mai hannu har yatsu, yana waige-waige ko Ɗanladi na nan. Babu shi. Ya ce alhamdulillahi, ya haƙura ke nan.

Honarabul Audu ya tashi da babbar riga, ya karɓi makirfo.

"Jama'a, ku gafarce ni, muryata ta dushe. Yau da asuba na sauka daga Abuja. Jiya yini na yi ofis-ofis ina nema muku rijiyar burtsatse, ko ruwa ban sha ba. Shi ya sa ban samu zuwa taron matan unguwa ba."

Aka tafa. Ya nuna baƙinsa, ya nuna kwamfuta, ya ce yanzu wani haziƙin matashi zai nuna abin da mulkin farar hula ya kawo.

Ƙasimu ya karɓi makirfo kamar da shi aka haife shi.

"Ranka ya daɗe, manyan baƙi, iyayena mata. Kwanan nan na yi wa injin nan aikin da ko a Ingila sai an tara likitocin kwamfuta. Na ɗauke databes da hannuna, na sauke ta a sabon gida, ko ƙwarzane babu. Yanzu duk matar da ke nan, in na danna, sai injin ya faɗi jininta."

"A fara da ni!" in ji Basira.

Ya yaye leshi, ya danna. Kiɗan tashi ya daki lasifika, aka yi kabbara. Ya buɗe databes. Ta ce ba ta ga kayanta ba.

Ya yi murmushi, ya rufe, ya sake buɗewa. Haka. Ya nemi sabon faifai a inda ya saba ganinsa, wayam.

"Kunya take ji, ranka ya daɗe. Ba ta saba da taro ba."

"Injiniya, jinin nawa fa?" in ji Basira.

"Yana zuwa, Hajiya, layi ne."

"Ko kazata ce ta kuma?" in ji Inna Delu.

Sista ta matso, ta yi ƙasa da murya, sai dai ta manta makirfo yana hannunsa.

"Ƙasimu, ko don ƙarfen nan ne da Ɗanladi ya zo ya karɓa jiya?"

Lasifika ta kai maganar har bakin titi. Ƙasimu ya juyo ya dube ta.

"Ya... ya karɓa?"

"Ai nasa ne. Ka ce min Dubai."

"Unguwa Uku ce Dubai ɗin?" wani dattijo ya tambaya. "To ni ma na je Dubai jiya sayen ƙusa."

Ƙasimu bai tsaya jin dariyar ba. Ya ce a ba shi minti kaɗan, ya tare ɗan acaɓa, kwat na kaɗawa a baya. Ya samu Ɗanladi yana shirin fara tacewa, ya durƙusa har ƙasa, ya rantse da rediyo zai dawo da ita yau ɗin nan. Ɗanladi ya ce faifansa ba ya sake fita shi kaɗai, sai dai su tafi tare. Suka dawo su uku a babur, faifai a tsakiya.

Kafin nan Honarabul ya cika baƙi da labarin Abuja har ya fara maimaitawa. Ƙasimu ya kwance akwati a gaban jama'a, ya jona, ya tayar. Ga faifai ya dawo. Ya buɗe shi. Fayil ɗaya ne tak a ciki, ƙato.

"Kun gani? Ta haɗe kanta wuri ɗaya. Haka suke yi in sun yi tafiya."

"Kai, tsaya, wannan ai..." in ji Ɗanladi.

Ya riga ya danna.

Kalangu ya fashe a lasifika. Fuskar kwamfuta ta cika da fitilu da 'yan mata da ashobi. Ga wani mai babbar riga a tsakiyar fili, ya cire hula ya riƙe a hannu, yana juyi yana liƙi, maroƙi na binsa yana kiran sunansa har da na kakansa. Kyamara ta matso daidai fuskarsa, sai ga Honarabul yana kurɓar lemo. A ƙasan hoton ga kwanan watan jiya ɓaro-ɓaro.

Wuri ya yi tsit, sai kalangu.

"Lah," in ji Basira. "Ashe Abuja ma ana kalangu."

"Ga ruwan da bai sha ba can," in ji Inna Delu.

Rumfa ta kece. Wani dattijo har da faɗowa daga kujera. Honarabul ya miƙe yana ihu a kashe, a kashe. Ƙasimu ya danna kashewa, murya ta ƙaru. Ya danna wani, hoto ya cika fuskar gaba ɗaya. Sai da Ɗanladi ya fizge waya daga soket. Baƙi suka tashi suna kakkaɓe riguna suna kallon ƙasa. Honarabul ya tsaya daidai kan Ƙasimu, ya nuna shi da yatsa. Ya shiga mota ya ja ƙofa har da gefen rigarsa a waje.

Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba.

"Ɗanladi," in ji Sista, "matana suna ina?"

"Wallahi Sista ban san da su a ciki ba. Na wanke shi jiya kafin in juye."

"Tsohon faifan fa? Ba a iya tono su daga can?"

Ɗanladi ya mai da wuta, ya duba, ya daɗe yana dubawa.

"Da an bar gurbin yadda yake, akwai masu iya tonowa. Amma an ɗura wasu kaya a kai har ya cika. Ga su nan, wai Kar A Taɓa Injin Ne." Ya buɗe. "Waƙoƙin Indiya ne, Sista. Da hoton Injiniya ya dafa fulawar roba."

Ƙasimu ya fara ja da baya a hankali, sai ya ji ya jingina da wani abu. Cikin Basira ne. Matan awo sun zagaye shi, kuma dariyar ta ƙare.

Sista ba ta ɗaga murya ba. Ta ce akwai matan da in suka zo haihuwa da zubar jini, rukunin jininsu ne ke tsakaninsu da kabari, kuma yanzu ba ta da na ko ɗaya. Don haka daga Litinin kowace mace sai an sake huda ta an ɗebi jini, an sake yi mata tambayoyi tun daga haihuwar fari. Waɗanda suka daina zuwa kuma sai an bi su gida-gida.

"Kuma kai za ka bi su," ta ce. "Da ƙafarka. Ka yi sallama, ka faɗa wa mai gida abin da ka yi, ka roƙa a turo ta."

"Sista, ai ni ɓangaren injin..."

"Injin ko inuwarsa ka sake takawa, Inna Delu tana da muciya."

"Biyu ma," in ji Inna Delu.

Haka kuwa aka yi. Litinin da safe aka ajiye masa kujera a bakin ƙofar ɗakin ɗiban jini, shi ke miƙa auduga. Duk wadda ta fito tana matse hannu sai ta tsaya a kansa. Wata ta ce Allah ya isa, wata ta yi tsaki, wata tsohuwa da ta rako surukarta ta dungure masa kai. Basira, wadda ke tsoron allura kamar mutuwa, sai da aka riƙe ta. Ta fito da hawaye, ta karɓi audugar, ta dube shi sama da ƙasa.

"Injiniya, in na haihu namiji, ka san sunan da ba zan sa masa ba?"

Da rana kuma ya shiga lungunan Tarauni, gida-gida, yana sallama ana fitowa ana wanke shi. Wani mai gida ya sa ya maimaita bayanin sau biyu don maƙwabta su fito su ji.

Da magariba ya dawo majalisar Gyaɗi-Gyaɗi, ƙafa fururu, wuyan riga ya jiƙe. Ya zauna a bakin benci, ana jiran a ji ta bakinsa. Ya karɓi ruwa ya shanye, ya goge baki.

"Ku fa ba ku san komai ba," ya ce. "Ƙarin girma aka yi min. Da injin kawai nake dubawa. Yanzu ni ne shugaban tattara bayanai na Tarauni gaba ɗaya. Ko gidan da zan shiga, sai mai gidan da kansa ya fito."

Wani ya ce, "To Shugaba, gobe ina za a nufa?"

Ƙasimu ya dubi tafin ƙafarsa da ya yi bororo.

"Wai cikinku wa yake da keke? Jibi-jibin nan zan dawo da shi."

Kafin ya rufe baki, benci ya zama nasa shi kaɗai.